Dakta Tabande Mai Awon Tsoro

Allah ya yi wa garinmu Kerman baiwa iri-iri, amma duk cikinsu babu kamar Dakta Kiyumars Tabande. Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, shi ma Daktan haka yake gani, kuma yakan tuna mana a ɗakin shan shayi na malamai don kada mu manta. Ofishina yana jikin nasa a jami'a, bango ɗaya ya raba mu, saboda haka na daɗe ina kwasar iliminsa ba tare da na roƙa ba.

Mutum ne da ya je ƙasar waje. 'Yan baƙin ciki suna cewa wani ɗan taro ne ya kai shi, kuma rabin kwanakin a ɗakin otal ya yi su yana fama da ciwon ciki. Oho musu. Mu dai mun san ya tafi da gashin baki, ya dawo da ɗan gemu mai tsini da jakar fata da wata irin tafiya ta wanda ƙasa ke yi wa godiya in ya taka ta. Tun daga lokacin ba ya buɗe baki sai da "mu a can", ko da kuwa maganar tsadar albasa ake yi.

Ga ladabi kuma. A wajen ta'aruf, wato tayin baka da ƙin karɓar nan namu, Dakta sarki ne. Kowane yaro a ƙasar nan ya san ƙa'idar tun kafin ya iya ɗaura takalmi. In an yi maka tayin abu, ka ƙi. A sake, ka ƙi. A yi na uku, ka ƙi, shi ke nan kowa ya fita kunyar kowa, mai abu ya riƙe abinsa. In kuwa mai tayi ya dawo bayan na uku har ya haɗa da rantsuwa, to da gaske yake, ƙin karɓa ya zama wulaƙanci. Dakta ya mayar da wannan abu sana'a. In ka hango shi a bakin ƙofa da wani babba suna "ku fara shiga", "a'a wallahi ku fara", gara ka nemi taga. Ba don tawali'u yake yi ba, ni na san shi. Daɗin a ce masa "wane mu, Ustad" ne yake ji har cikin ƙashinsa.

Wata shekara, bayan hutun Nauruz, bikin sabuwar shekararmu, Dakta ya gano cuta. Ba a asibiti ya gano ta ba, a wayarsa ya gano ta yana kishingiɗe. Ashe wasu masana a can sun daɗe da lura cewa matasa kan shiga tashin hankali in aka raba su da wayoyinsu, har sun tsara tambayoyin auna abin. Dakta ya juya tambayoyin zuwa Farisanci, ya ƙara ɗaya ko biyu daga kansa, ya cire sunayen masu su don kada takarda ta yi cunkoso, ya rubuta Ma'aunin Tabande a sama da manyan baƙaƙe. Ɗalibai, da yake ba sa raina alheri, suka saka masa da suna Agha Sikeli, wato Malam Sikeli.

Ranar da ya fara kai ma'aunin aji, na laɓe a bakin taga na saurari huɗubar.

"'Ya'yana, ku ba ku sani ba, amma marasa lafiya ne ku. Kakanninku sun ratsa hamadar Lut da raƙumi ɗaya da salkar ruwa, ba wanda ya ji kukansu. Ku kuwa cajin waya ya yi ja, sai ka ga ƙato yana karkarwa kamar an ce masa gobe ƙiyama. Ni da kuke gani, waya a wurina kamar takalmi take, in na ga dama in sa, in na ga dama in tuɓe. Na auna kaina da ma'aunina, sifili na samu. Sifili! A duk lardin nan ban san wani mai sifili ba."

Mai sifilin nan yana yawo da batirin caji biyu a jakar fata. In zai shiga banɗaki, wayar ce ke fara shiga, ita kaɗai ce ba ya yi wa "ku fara" don ta riga ta san hanya. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma Dakta ya bayyana mana cewa tasa ba waya ba ce, kayan bincike ce.

Ya raba takardun, ya riƙa zagayawa yana tsayawa a kan kowa. Wata ɗaliba mai suna Nilufar, yarinya mai hankali da ke son ta gama karatunta lafiya, ta ɗaga kai ta ce, "Ustad, wace amsa ce ta fi yi muku daɗi?"

"Ki faɗi gaskiyarki, 'yata. Kimiyya ba ta son kara."

Yana faɗa yatsansa yana kwance a kan gurbin ƙarshe, na masu ciwo mai tsanani. Nilufar ta yi wa yatsan biyayya. Na bayanta ya leƙa ya bi ta, haka har bangon aji. Ustad ya ce kuna da ciwo, ga makin jarrabawa a hannunsa, wane marar tarbiyya ne zai ce lafiyarsa ƙalau? Da yamma Dakta ya sanar da mu, idonsa har da ƙwalla, cewa cutar ta cinye ajin kaf.

Zango na gaba ya yi musu jerin laccoci na magani, sannan ya sake raba takardun, ya dafa ƙirji ya ce yana fata wahalar da ya sha a kansu ba ta tafi a banza ba. To, wa zai ce wa malaminsa wahalarka ta tafi a banza? Aji ya warke kaf. Wani ɗan baya mai suna Siyawash ya cika tasa takardar da hannun dama, na hagu yana ƙarƙashin tebur yana tura saƙo. Haka Allah ya nufi mutum ɗaya da gano cuta da kuma kashe ta, duk cikin shekara guda, ba tare da ko ɗalibi ɗaya ya ajiye wayarsa ba.

Labari ya kai Tehran. Ma'aikatar ilimi ta ce za ta buɗe cibiyar binciken wannan ciwo a jami'armu, da ofishi mai darduma har bango, da mota da direba, da kujerar shugaba. Kujerar nan ta shiga ran Dakta ta yi kaka-gida. Ya daina gaishe mu da hannu, sai da gemu. Ya je ya auna ƙofar ofishin don ya san girman allon sunan da zai sa a yi masa. Abu ɗaya ya rage, ma'aikata za ta turo wakiliya ta ga aikin da idonta kafin ta miƙa kujera, don gani ya kori ji.

Ranar ta zo. An shimfiɗa dardumomin aro a babban ɗakin taro, an jera furanni, an rataya ƙyalle mai hoton Dakta wanda ya fi sunan jami'ar girma. Wakiliyar kuwa wata 'yar tsohuwa ce, Khanum, wato Uwargida, Dakta Azarmi, gajera, da baƙin mayafi da tabarau mai kauri, irin matan da ke kallonka har ka fara tuna laifuffukanka. Ba ta da yawan magana. A bakin ƙofa ta ba Dakta haƙƙinsa na "ku fara" daidai gwargwado, ta wuce ta bar shi da sauran a baki.

Tsarin mai sauƙi ne. Ga akwatin katako mai kwaɗo a kan tebur. Ɗalibai za su kashe wayoyinsu su zuba a ciki, a kulle, a ba baƙuwa mabuɗi, ba buɗewa sai la'asar. Bayan abincin rana za a riƙa maƙala musu wata 'yar na'ura a yatsa mai ƙirga bugun zuciya, ana haska layin a allon majigi, duniya ta ga yadda waɗanda Dakta ya warkar suke zaune lafiya. Ɗalibai suka bi layi suka zuba, wasu suna yi wa wayar kallon bankwana. Sai Dakta ya hau mumbari, 'yar makirufo maƙale a wuyan rigarsa, ya zaro tasa wayar ya ɗaga sama.

"Shugaba nagari ba ya tura mutane inda shi ba zai shiga ba. Ga tawa, ku sa ta a akwatin."

Ɗalibai sun san aikinsu. Suka amsa baki ɗaya, "A'a, Ustad, wane mu!"

"Ku karɓa mana. Ni da ku duk ɗaya ne."

"Allah ya kiyaye, Ustad! Ku da kuke da manyan ayyuka!"

"Na ce ku karɓa. Mene ne waya? Ƙarfe ne da gilashi."

"Ustad, kada ku ba mu kunya!"

Nan ya kamata ya tsaya. Uku ta cika, an tafa, hannunsa ma har ya kama hanyar aljihu. Amma tafin ya yi masa daɗi, ga mai ɗaukar hoto ya durƙusa a gabansa, ga baƙuwa daga Tehran tana kallo. Giyar yabo ta ɗebe shi. Ya sake miƙa hannu, ya ɗaga murya har tana rawa.

"Na rantse da ran 'ya'yana, in ba ku karɓi wayar nan ba kun ɓata mini rai!"

Kowa ya ji abin da ya faɗa. Khanum Dakta Azarmi ta tashi a hankali, ta tako, ta miƙa tafin hannunta.

"Tunda kun haɗa da 'ya'yanku, Dakta, ba ma ƙi ba."

Na ga yatsunsa suna sakin wayar ɗaya bayan ɗaya. Ta jefa ta cikin akwati, ta datse kwaɗo, ta sa mabuɗi a jaka. Aka sake tafawa, wannan karon har da fito daga bayan ɗaki. Dakta ya yi murmushin wanda ya taka ƙusa a gaban surukai. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ban taɓa jin daɗin wani taron jami'a kamar wannan ba.

Da farko ya daure. Ya koma kan jawabinsa, ya ce "kamar yadda alƙaluma suka nuna", ya shafa aljihu, ya tuna alƙaluman suna cikin akwati. Ya ce "a taƙaice dai", ya sauka. Mu da muka saba ya riƙe mu har ƙafa ta yi sanyi, muka dubi juna.

A wajen cin abinci abin ya fara fitowa fili. An kawo shinkafa da za'afaran da tsiren nama da ganye, amma Dakta bai san me yake kaiwa baki ba. Hannunsa yana zuwa aljihu yana dawowa. Can ya zabura ya dafe cinya, ya rantse ya ji wayar ta motsa, alhali babu komai a wurin sai cinyar. Na ga babban yatsansa yana shafar bayan faranti daga ƙasa zuwa sama. Shugaban tsangaya, wanda bai lura da komai ba don shi in ga nama ba ya lura, ya ce, "Ustad, ba za ku ƙawata mana tebur da ɗan baiti ba, kamar kullum?"

Dakta ya yi suna a nan. Ba walimar da za a tashi bai kawo baitin magabata daidai da zancen ba, kullum kansa a sunkuye, idonsa a kan cinyarsa, muna cewa tawali'u ne. Ranar muka gane me yake kallo a cinyar. Ya sunkuya bisa al'ada, ya tarar da wando. Ya jawo rabin ɗango, wani abu game da fure da iskar asuba, ya maimaita, ya sake maimaitawa, sannan tari ya zo ya cece shi. Ya ce ƙashi ne ya maƙale masa. Naman ba shi da ƙashi.

Aka koma ɗakin taro. Ɗalibai suka riƙa zuwa ana maƙala musu na'ura. Ba zan yi musu ƙarya ba, su ma a matse suke, wannan yana kaɗa ƙafa, waccan tana cizon farce. Amma sun saba a ƙwace musu waya a ƙofar ɗakin jarrabawa, saboda haka layinsu a allo yana ɗan hawa yana sauka kamar na kowa. Dakta yana tsaye yana bayani, bayansa ga allo, idonsa ga akwati.

Khanum Dakta ta gyara tabarau ta ce, "Dakta, kowane ma'auni yana bukatar a ga sifilinsa. An ce ku ne. Ku ba mu aron yatsanku."

Ya nemi hanyar zillewa, babu. Siyawash ne ya maƙala masa na'urar, da ladabi mai yawa, har da ɗan rusunawa. Layin ya fito a allo yana tsalle tun kafin a ce komai.

"Shayin ne," in ji Dakta. "Sun cika masa kauri. Mu a can ba ma shan irin wannan."

Bai rufe baki ba akwati ya ɗauki kiɗa. Duk wayoyin da ke ciki a kashe suke, ban da guda ɗaya, wadda mai ita bai taɓa kashe ta ba tun ranar da ya saye ta. Kiɗan garaya ne mai taushi, muka saurare shi kamar a gidan biki. Layin allo kuwa ya miƙe tsaye ya nufi rufi.

Dakta ya ce, "Ina jin daga ma'aikata ne. Sukan neme ni a irin wannan lokaci."

"Yau ni ce ma'aikata, Dakta," in ji tsohuwar. "Ga ni zaune."

Kiɗa ya tsaya. Dakta ya saki numfashi, layi ya fara saukowa. Kiɗa ya dawo. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya bi ta gefen hanci, ya taru a tsinin gemu yana ɗiga a kan rigar da aka ɗinka don wannan rana. Ƙafarsa tana buga mumbari. Na ji Nilufar tana ce wa ƙawarta, ba da ƙarfi ba amma ba a ɓoye ba, "Wayyo, Allah ya ba Ustad lafiya. A ba shi takardar nan ya cika mana."

Khanum Dakta ta buɗe jaka, ta ɗago mabuɗin da yatsu biyu. "Dakta, ko in buɗe mu..."

"Buɗe! Ki buɗe, don girman Allah!"

Ko ƙarasa tayin ba ta yi ba. Kuma "ki" ya ce mata maimakon "ku" na girmamawa, tsohuwa sa'ar uwarsa, baƙuwa daga Tehran. Wata malama a gefena ta dafe baki. A garin nan, yaro ɗan shekara biyar ya karɓi alewa a tayin farko, sai uwarsa ta murɗe masa kunne a hanyar gida. Yau ga sarkin ta'aruf da kansa, mai tare ƙofa, ya yi wuf kamar kaza ta ga tsaba.

Ta buɗe. Ya tsunduma hannu biyu yana watsa wayoyin 'ya'yan mutane a kan tebur, igiyar na'ura tana reto a yatsansa, har ya damƙo tasa. Ya kara a kunne, ya miƙe tsaye ƙam, ya dafa ƙirji, ya ce, "Ranka ya daɗe, Tabande ne, ina saurare."

Ya manta da makirufon wuyansa. Muryar wata mace da aka naɗa ta cika ɗakin, tana yi wa mai sauraro albishir cewa kamfaninsu na wankin darduma yana zuwa har gida ya ɗauka, ya wanke, ya dawo da ita tana ƙamshi. Dakta ya saurara har ƙarshe. Da ta gama ya ce ya gode. A allo, layin ya sauko ya kwanta luf kamar jaririn da aka mayar wa nono.

"Ustad," in ji Siyawash, yana cire masa na'urar, "yanzu kam ga sifilin ya fito."

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, mu masu tarbiyya ne. Kafaɗu dai sun yi ta rawa har layin baya.

Duk da haka kujera ba ta kuɓuce ba tukuna. Tun daga Tehran aka riga aka tsayar da sunansa, aikin tsohuwar kawai ta yi masa tayi a gaban jama'a. Ta tashi, ta gode wa ɗalibai, ta ce ta gamsu na'urar tana aiki. Sannan ta juya ta ce ma'aikata ta umarce ta ta miƙa wa Dakta Kiyumars Tabande shugabancin cibiya.

Na ga fuskarsa ta dawo. Ga dama ta samu ta wanke abin kunyar ɗazu, ya nuna wa Tehran cewa har yanzu shi ɗan asali ne. Ya goge gemu, ya gyara wuyan riga, ya sa hannu a ƙirji, ya sunkuya har tabaraunsa ya zamo.

"Khanum Dakta, wane ni? Ni ƙurar takalminku ce. Me na sani? Ɗan abin da na tsinta a bakin manya ne nake maimaitawa. A jami'ar nan akwai waɗanda suka fi ni ilimi, suka fi ni natsuwa, suka fi ni cancanta nesa ba kusa ba. Wannan kujera ta fi ƙarfina, ku ba wanda ya dace."

Ya tsaya a sunkuye yana jiran ta ce a'a, sai ku.

Tsohuwar ta dube shi ta saman tabarau. "Na ji, Dakta. Tun ɗazu ake awo a ɗakin nan, wannan ne na farko da na yarda da shi gaba ɗaya. Zan kai musu amsarku yadda kuka faɗe ta."

Ta rataya jakarta. A bakin ƙofa ba ta tsaya yi wa kowa "ku fara" ba.

Washegari ya shigo ɗakin shayi yana cewa matar ba ta da tarbiyya, tana da sauran tayi biyu a kanta. Mutumin da ya fizge a tayin farko da rana ba shi da bakin ƙorafi in an karɓi ƙinsa na farko da yamma. An buɗe cibiya, an ba wata malama mai shiru-shiru daga sashen ƙididdiga, ita ce ke shiga motar yanzu.

Dakta yana nan a ofishinsa, ina jin motsinsa ta bango. Ya ce mana manyan Tehran sun san ƙa'ida ko da wakiliyarsu ba ta sani ba, za su gyara. Saboda haka ko sallah zai yi, wayar tana gefen darduma, fuskarta sama, cajinta a cike, yana jiran a kira a yi masa tayi na biyu.